Teburin da Ya Fita ta Sama

Har yau da furfura ta ci rabin kanta, ba wanda ke kiranta da wani suna sai 'Yar Kafinta. Sana'arta ɗinkin labule ce. Duk tagar da ka gani a layinsu da labule mai kyan zubi, bai ɗage ba bai kuma share ƙasa ba, to aikin hannunta ne. Amma idan baƙo ya yi kuskure ya ce mata Mai Labule, sai ta ɗago kai daga kan keke ta ce, "Labule sana'a ce kawai. Ka kira ni da sunan ubana."

A cikin ƙurar katako ta tashi. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, don haka a ƙarƙashin bencin aikin babanta ta yi rarrafe, a nan ta koyi tafiya, a nan kuma ta koyi tsiwa. Ta ɗauko idonsa, ta yadda in ta kalli taga sau ɗaya za ta gaya maka yadin da za ta ci. Haƙurinsa ne dai ba ta ɗauko ba. Mace ce mai sauri a komai: tafiya, magana, fushi, hucewa. In tana ba ka labari, kafin ka gama dariyar farkonsa ta kai ƙarshe ta shiga wani.

Sai ga shi ta auri mutumin da duk gari ke kira A-Hankali.

Malamin tuƙi ne, kuma ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, domin ita ce kalmar da ke fita daga bakinsa tun safe har yamma. Ko a motar wani aka ɗauke shi, za ka ga ƙafarsa tana taka birkin da babu shi. In zai shiga ɗakinsa na kansa sai ya duba dama da hagu. A wajen koyon mota suka haɗu. Ta zo da niyyar ta iya tuƙi cikin mako guda, a rana ta biyu ta kusa shigar da su shagon mai kayan miya. Mutane suka ce ya aure ta ne don ya raba ta da sitiyari ya ceci al'umma. Ita kuwa cewa take shi kaɗai ne namijin da ta taɓa yi wa ihu ya amsa mata da "sannu".

Gidan da ya kai ta gadonsa ne. Mahaifinsa magini ne, shi ya ɗora kowane bulo da hannunsa, kuma A-Hankali ya riƙe gidan nan kamar ƙwai. Ba a kafa ƙusa a bango. Ba a huda ko'ina. Ba a canza launin fenti. Ka ji abin takaici: matar da ta yi wa rabin gari labule, nata labulayen a jikin igiya suke rataye, an ɗaure ta daga wannan ƙarfen taga zuwa wancan, suna lotsawa a tsakiya kamar shanya.

"Malam, ƙusa biyu fa kawai," takan ce.

"Maman Auta, bangon nan Baba ne ya shafe shi. Ki duba ki gani, har sawun hannunsa yana nan."

"To ni sawun nawa hannun a ina zai zauna?"

Sai ya yi murmushi ya ce za a duba. Shekaru suka yi ta tafiya ana dubawa.

Da ƙarfin babanta ya fara ƙarewa, A-Hankali ne da kansa ya je ya ɗauko shi, ya ba shi ɗakin baya. A wannan kam ba ta taɓa rage masa yabo ba. Tsohon ya zauna mako biyu yana kallon bango, ya ga zaman banza zai kashe shi kafin lokacinsa, sai ya aika aka fara kawo masa katako. Falle-falle ake shigo da shi ta siririn lungun da ke kaiwa ɗakin. Ya ce tebur zai yi, na ƙarshe, wanda ba na kowa ba ne sai nasa.

Ya daɗe yana yin sa. Bai sa masa ƙusa ko ɗaya ba. Ya sassaƙa kowace gaɓa ta shige cikin 'yar'uwarta, ya sa gam, ya dunƙule da 'yan turakun itace, har ya zama in ka shafa ba za ka gane inda wani katako ya ƙare wani ya fara ba. Tebur ne dogo, mai faɗi, mai nauyin tsiya, ya cinye ɗakin saura ɗan wurin gadon tsohon da hanyar wucewa. A kusurwar da ke wajen taga akwai wani ɗan tudu a daɓen ɗakin, wanda duk mutanen gidan sun taɓa tuntuɓe da shi, amma teburin ya zauna daram, ko ka hau kansa ka yi rawa ba zai motsa ba. A-Hankali kan shiga bayan ya dawo daga aiki, ya riƙe wa tsohon wannan ya miƙo masa wancan. Su biyun suna iya wuni ba su yi magana goma ba, kuma kowannensu yana ganin ya sha hira.

Bayan rasuwar tsohon, 'ya'yansa suka taru a ɗakin don raba abin da ya bari. Maza suka ɗebi zarto da guduma da sauran kayan aiki. Da aka zo kan tebur, babban yayanta ya kalli teburin, ya kalli ƙofa, ya ce, "Ke ki riƙe wannan. Mu dai ba mu da ƙofar da zai bi." Aka yi dariya cikin hawaye. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana maganar nan za ta je gaban hukuma.

Daga ranar ta mayar da aikinta kansa. A kansa take shimfiɗa yadi ta ja alli ta sa almakashi, yadi ya miƙe sumul ba ya naɗewa. A kansa yaranta suka yi aikin makaranta. A ƙarƙashinsa Auta take ɓuya in ta yi laifi. In ran 'Yar Kafinta ya ɓaci, takan rufe ƙofa ta kifa tafin hannunta a kan katakon har ta ji ta dawo daidai. Ba ta da hoton babanta mai kyau, teburin ne hotonsa.

Abu ɗaya tak aka taɓa canzawa a gidan nan, shi ne rufi. Tsohon kwanon ya ruɓe, damina ta yi sai a jera robobi da tukwane a tsakar ɗaki, kowace da irin kiɗanta. A-Hankali ya ce za a duba. Ana cikin dubawa wata safiya wani ɓangare na silin ya sauko masa a kan tire yana shan shayi. Ko shi ya yarda cewa an gama dubawa. A shekarar ta karɓi aikin labulen wani babban masauki, ta yi ɗinki har idonta ya fara ganin biyu-biyu, shi kuma ya ƙara ɗalibai har da na ranar hutu. Suka haɗa hannu aka yaye tsohon rufin gaba ɗaya, da kwano da katako da silin, aka ɗora sabo. Ranar da aka sauke tsohon kwanon, sai da A-Hankali ya zagaya bayan gidan ya share ido.

Rabuwarsu ba ta zo da hayaniya ba, abin da ya ba maƙwabta haushi ke nan, don ba su samu na bayarwa ba. Yara sun girma sun watse, Auta ma ta yi aure ta haihu. Wata rana aka kawo wa 'Yar Kafinta hoton jikarta a cikin gilashi. Ta zagaya falo da shi tana neman inda za ta jingina, sai zuciya ta ɗebe ta, ta ɗauko ƙusa 'yar mitsitsiya ta kafa a bango ta rataye. Ta fita kai aiki. Da ta dawo ta tarar da hoton a kan kujera an goge shi tas, an zare ƙusar, an cike ramin da siminti, har an shafa fenti.

Ta tsaya tana kallon ɗan danshin nan a bango. Ba ta yi ihu ba, abin da ya tsorata shi ke nan. Abin ya yi mata ciwo fiye da duk wata magana da suka taɓa yi. Ta haifi 'ya'ya a gidan nan, ta yi jinyar uba, ta tsufa, amma ashe har yanzu baƙuwa ce da ba ta isa ta bar ramin ƙusa ba.

"Malam," ta ce, "na gaji da zama a gidan babanka. Ina son in zauna a nawa, ko da ɗaki ɗaya ne."

Ya san gaskiya ta faɗa, ya kuma san ba zai iya canzawa ba. Ya ce, "To, Maman Auta. Amma a yi a hankali."

Aka yi a hankalin. Kotu ta raba auren, ta tura su ofishin sulhu don a raba kaya. Mai sulhun wani dattijo ne mai tabarau a kan karan hanci, wanda ya ga rigima iri-iri har ta daina ba shi mamaki. Ya yi musu bayani dalla-dalla: abin da kowa ya gada daga iyayensa nasa ne shi kaɗai, aure bai mayar da shi na biyu ba, abin da suka samu tare da guminsu a cikin auren, shi ake rabawa.

Rabon ya tafi kamar wasa. Ta ce ya riƙe firji, ya ce a'a ita ce mai son ruwan sanyi. Ya ce ta ɗauki talabijin, ta ce me za ta kalla, shi ne mai labarai. Mai sulhu ya cire tabarau ya ce, "Ku kuwa kun tabbata rabuwa kuka zo yi? Jiya wasu a kan tsintsiya suka kusa fasa mini kai."

"Gida nasa ne," in ji ta. "Gadon ubansa ne, ko bulo ban nema ba. Tebur nawa ne, gadon ubana."

"Haka ne," in ji A-Hankali.

"To ai an gama," in ji mai sulhu. Bawan Allah bai san yanzu aka fara ba.

Ta kama shago a bakin titi mai ɗaki a sama. Ranar kwashe kaya ta zo da ƙarti majiya ƙarfi. Suka ɗaga teburin da ƙyar, suka nufi ƙofa, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Suka karkata shi, suka tsayar da shi, suka kwantar da shi ta gefe, suka yi gumi har ɗakin ya ɗauki wari. Ko da ya wuce ƙofar, lungun yana da kwanar da ko katifa sai an lanƙwasa. Taga kuwa ƙarama ce, ga ƙarafa an dasa su cikin bango. Babbansu ya share goshi ya ce, "Hajiya, a cikin ɗakin nan aka haifi teburin nan ko?"

Ta kira wani kafinta ya zo ya warware shi a sake haɗawa a can. Mutumin ya shiga ƙarƙashi, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya fito yana girgiza kai. Ya ce wanda ya yi wannan bai yi shi don a warware ba. Hanya ɗaya ce, a sa zarto a raba shi biyu.

"A bakinka," ta ce. "Ka taɓa ganin an sa wa uba zarto?"

Sai ta juya kan A-Hankali, wanda ke tsaye a bakin lungu da hannu a baya. Ta ce a faɗaɗa taga, a cire ƙarafan da layin bulo kaɗan, in tebur ya fita ita za ta sa a mayar da komai yadda yake.

"Maman Auta, ba za a mayar da shi yadda yake ba. Wani ne zai mayar, ba Baba ba."

"To ka ba ni teburina!"

"Ga shi nan ai, ban hana ki ba."

"Ta ina zan fitar da shi?"

"Shi ne ban sani ba."

Abin haushin shi ne ba mugunta yake yi ba. Da mugunta ce da ta san yadda za ta yi da shi. Gadonta ne ya maƙale a cikin gadonsa, kuma kowannensu yana ganin in ya sassauta ya ci amanar mamaci.

Aiki kuwa ba ya jira. Ta gwada yanka a ƙasan shago, bayanta ya ce bai yarda ba. Ta gwada wani teburin kasuwa, yadi ya riƙa zubowa ta gefe, labule ya fito gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Sai ga 'Yar Kafinta kowace safiya da ƙunshin yadi a ka, tana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ta bari, tana sallama kamar mai talla. A-Hankali ya buɗe, su gaisa, ta wuce ɗakin baya. Can an jima ya ajiye mata shayi a bakin ƙofa ya koma. Maƙwabta suka samu abin da suka rasa a baya. Auta ta buga waya tana dariya har tana shaƙewa.

"Mama, wai ku rabuwa kuka yi ko canjin lokacin aiki?"

"Ki kiyaye ni, Auta."

"Wallahi yanzu kun fi ganin juna fiye da da."

Ta kashe wayar, amma maganar ta zauna mata. Ba don ta riƙa sallama a ƙofar nan ta bar gidan ba.

Da suka koma wajen mai sulhu, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce shi ba zai iya tilasta wa mutum ya fasa bangonsa ba, ba kuma zai bar magana a buɗe har abada ba. In ba su kawo mafita a zama na gaba ba, zai mayar wa alƙali, kuma ya san abin da alƙali zai ce: ko a yanka tebur, ko a yi masa kuɗi a biya ta ya zauna a gidan. 'Yar Kafinta ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. A yi wa hannun babanta kuɗi kamar tsohuwar kujera!

"Kafin nan," in ji mai sulhu, "ku tuna ko akwai wani abin da kuka yi tare da ba a ambata ba. Ko gyara ne aka yi wa gidan, in da gumin mutum a ciki, yana da haƙƙi."

Ta ce babu, don hankalinta ba ya wurin.

Washegari da hantsi tana ɗakin baya, ta kasa yanka komai. Ta ture yadin gefe, ta hau teburin ta kwanta rigingine kamar yadda yara ke yi, tana tunanin ko ta haƙura ta bar shi. Aƙalla a nan ba mai sa masa zarto. Hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne. Sai aka fara yayyafi, ƙaf-ƙaf-ƙaf a kan kwano. Ta saurara. Ba ɗigo ko ɗaya a ɗakin, ba roba, ba tukunya. Ta zuba wa silin ido, fari tas, wanda ita da kanta ta zaɓo a kasuwa.

Ta diro daga kan teburin nan kamar yarinya, har ta yi tuntuɓe da tudun daɓen.

A zama na gaba, tun kafin mai sulhu ya gyara tabarau ta ce, "Ranka ya daɗe, na tuna. Rufi."

"Wane rufi?"

"Na gidan. Babansa bai taɓa ganin rufin nan ba. Ni da Malam muka yi shi, da kwanon da katakon da silin. Ko ba haka ba, Malam?"

A-Hankali ya duba dama, ya duba hagu, bai ga ta inda motar za ta ɓullo ba. Ya ce, "Haka ne."

"To, sai a kimanta rabonki a biya ki," in ji mai sulhu.

"Ba na son ko sisi. Rabina nake so, shi kansa. Kuma na zaɓi rabin da ke kan ɗakin baya."

Mai sulhu ya saki baki. "Baiwar Allah, za ki bar mutum ne ruwa yana dukansa?"

"Wuni ɗaya kawai. A yaye rabina, tebur ya fita ta sama, a mayar. In an mayar na bar masa har abada, na yafe. Bangon babansa ba a taɓa ba, teburin babana ba a taɓa ba."

Dattijon ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce tun da ya fara aikin nan an nemi gida a gabansa, an nemi mota, an nemi kyanwa, amma yau ne aka fara neman aron sararin sama. Ya juya ga A-Hankali. Shi kuwa ya shiga lissafin abin a ransa, yana bin bangon bulo-bulo ko akwai inda za a ƙwarzane. Bai samu ba. Ga mamakinta, sai ta ga fuskarsa ta washe kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Amma a yi a hankali," ya ce.

Ranar da aka yi, layin nan kaf ba wanda ya je ko'ina. Masu rufi suka hau da sassafe suka zare kwano falle-falle, suka cire katako, suka sauke silin. Rana ta faɗo cikin ɗakin baya, ta haska teburin, aka ga ashe katakon ja ne mai duhu, ba baƙi ba kamar yadda kowa ya ɗauka. Aka kawo mota mai dogon hannu da ƙugiya, irin ta ɗaga kaya. 'Yar Kafinta ta naɗe teburin da tsofaffin labulaye don kada igiya ta ci shi. Direban matashi ne mai rawar kai, amma bai yi sa'a ba, domin tsohon ɗalibin A-Hankali ne. Malamin nasa ya tsaya a gefensa da hannu a sama.

"A hankali. A hankali. Tsaya. Wa ya koya maka haka? A hankali, na ce!"

A karo na farko a rayuwarta ta ji kalmar nan ta yi mata daɗi.

Tebur ya tashi. Ya wuce kan bango da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba, ya tsaya a sama yana juyawa, labulaye masu furanni suna kaɗawa a jikinsa. Yara suka yi ta ihu, mata suka yi ta tafi. Auta tana ɗauka a waya tana kuka tana dariya. 'Yar Kafinta dai ta riƙe haɓa tana kallon aikin babanta a tsakiyar sama, tana jin da yana nan da ya ce an cika surutu. Kafin la'asar an mayar da rufi. A-Hankali ya zagaya bangon yana shafawa, bai samu ko ƙwarzane ba.

Shagon yana da ƙofa mai faɗi, tebur ya shige ba gardama. Washegari ta sa aka huda bango aka kafa ƙarafan labule a kowace taga, har da inda babu taga. Ta kafa ƙusa ta rataye hoton jikarta, ta ƙara wata ƙusar a gefe ba don komai ba. Sannan ta shimfiɗa yadi, ta ɗora hannu za ta ja alli.

Tebur ya yi ƙwas, ya karkata.

Ta ɗaga hannu, ya dawo. Ta sake dannawa, ya sake karkata. Ta ce shi ke nan, an karya shi a sama. Ta durƙusa ta duba kowace gaɓa, lafiya lau. Sai ta ga ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa ba, tana lilo. Ta cusa kwali, ya lotse. Ta sa guntun katako, ya zame. Ta kwana biyu tana fama, almakashi na tafiya tebur na gyaɗa kai, har ta fara tunanin ko teburin fushi yake da ita don ta raba shi da ɗakinsa.

A rana ta uku da safe aka yi sallama. A-Hankali ne a bakin shago, ya duba dama ya duba hagu, da wani abu a naɗe cikin tsumma. Yatsunsa biyu a ɗaure da bandeji.

"Na san zai yi rawa," ya ce. "Ƙafar wajen taga ce ko?"

"Ya aka yi ka sani?"

"Ni na riƙe ta aka yanke. Lokacin da Baba Kafinta yake haɗa shi, ya ce a sassabe tudun nan na daɓe. Na ce masa hannun mahaifina ne. Bai yi musu ba, ya ce to tebur zai bi ƙasa. Ya rage ƙafar daidai tudun."

Ya durƙusa da ƙyar, ya kwance tsumman. Guntun siminti ne mai ɗan faɗi, an sare shi da kyau ta kowane gefe, samansa ya yi sulɓi saboda shekarun da aka yi ana taka shi. A tsakiyarsa ga sawun ƙafar teburin nan, ya zauna ciki. Ta gane shi nan take, ai babban yatsan ƙafarta ya san shi.

"Malam," ta ce, muryarta ta sauka. "Daɓen babanka ka fasa?"

Ya ce ta ɗan ɗaga teburin. Ta sa kafaɗa ta ɗaga, ya tura guntun a ƙarƙashi, ƙafar ta faɗa cikin sawunta. Ya miƙe ya danna wannan kusurwa, ya danna waccan. Ko motsi.

"Yanzu akwai rami a ɗakin," ya ce yana karkaɗe gwiwa. "Na ɗauko siminti zan cike, sai na fasa cikewa. A bar shi haka."

Ta juya baya tana gyara yadin da ba ya bukatar gyara, don kada ya ga idonta. Mutumin da ya kasa bar mata ramin ƙusa, yau ya bar mata rami guda a tsakiyar gadonsa. Ya zo a makare, su biyun sun sani, kuma ba wanda ya ce a koma. Amma ta ji wani abu da ya daɗe a ƙulle a ƙirjinta ya kwance.

"Wannan fa gadona ne," ya ce daga bakin ƙofa. "Aro na ba ki."

"Sai yaushe za ka karɓa?"

"Za a duba."

Ta fashe da dariya, ta jawo masa kujera, ta ɗora ruwan shayi. Har yau guntun simintin yana nan a ƙarƙashin ƙafar wajen taga, kuma in mai shara ta zo, abu na farko da 'Yar Kafinta ke gaya mata shi ne kada ta kuskura ta taɓa shi.